Garuruwan kan dutsi da fasahar zamani: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan, a kan yadda fasaha za ta sauƙaƙa isa ga garuruwan kan dutsi da adana tarihinsu, an tattaro su ne daga abin da ke yawan fitowa a bakin ɗaliban Tawa, da ƴan ƙungiyoyin raya karkara, da ƴan cirani masu son yi wa garinsu wani abu daga nesa. Kusan kullum hirar takan fara da dron (ƙaramin jirgi marar matuƙi) ko motar igiya, ta ƙare a kan wa zai riƙe makullin ɗakin batir. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi, kuma inda wata amsa ta jingina da wata an nuna.

Waɗanne ne garuruwan kan dutsi masu tarihi? Muna da irinsu a Nijar?

Muna da su, sabo ne ya sa ba mu ƙirga su. Waɗanda suka fi suna suna cikin duwatsun Abzin. Akwai Timiya, sama da kilomita 200 daga Agadas, mai garake na lemu da rumman da dabino a tsakiyar baƙin dutsi. Akwai Iferwan. Akwai ƙauyukan saman Bagzan, inda ƙololuwar Idukal-n-Tages ta kai mita 2,022, wuri mafi tsawo a ƙasar nan. Tsakanin Timiya da Iferwan ga kufan Asode, tsohon birnin da ayari ke yada zango, yau sai bangayen dutsi da ragowar babban masallaci. Can ƙuryar arewa maso gabas, bayan Tenere, ga tsoffin ganuwoyin Jado.

Duwatsunmu na Adar ba su kai na Abzin tsawo ba, amma duk wanda ya bi hanyar Keita ko Buza ya ga garuruwan da suka maƙale a gindin dutsi, da kufai a sama inda kakanni suka fake lokacin hare-hare kafin su sauko kusa da ruwa. Dangantakar wuraren biyu ma tsohuwa ce, don Agabba ɗan Sarkin Abzin ne ya ci Adar a ƙarshen ƙarni na 17, kuma zuriyarsa ce ke sarautar Ilela. Sai Masalata kusa da Ƙonni da al'adun Azna na shekara-shekara, da Lugu ta ƙasar Arewa, inda Sarauniya ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine cikin Afrilun 1899. A maƙwabta akwai Sukur a jihar Adamawa ta Najeriya, da UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka cikin kayan gadon duniya a 1999, da ƙauyukan Dogon na Bandiagara a Mali, da suka shiga tun 1989.

Da yawansu da gangan aka gina su inda isa ke da wuya. Wahalar hawa ita ta tsare su daga mahara, ita ce kuma yau take hana motar likita zuwa.

Sauƙaƙa isa gare su don ƴan yawon buɗe ido ake nufi?

Su ne na ƙarshe a layi. Mutum na farko da ya kamata ya iya shiga garin ya iya fita shi ne ɗan garin: mai naƙudar da ake son kaiwa likita da tsakar dare, manomin da albasarsa ke ruɓewa kafin mota ta zo, malamin lakkol da aka turo ya ƙi zama don babu inda zai yi sharjin salula. Na biyu ɗan garin da ke nesa. Adar ƙasar cirani ce, kuma a Abijan da Legas da Libiya akwai yaran da aka haifa can, ba su taɓa ganin kufan kakansu ba. Na uku ɗalibi da mai bincike. Sannan baƙo mai kyamara.

Wannan jerin ne ke yanke abin da za a saya. In aka fara da baƙo, sai a ƙare da alluna da Faransanci da shafin intanet da babu ɗan gari ko ɗaya da zai iya buɗewa, ran da baƙon ya daina zuwa kuma komai ya tsaya (duba tambayar tsaro). In aka fara da ɗan gari, baƙo zai zo ya tarar da rezo da wuta da hanya suna aiki.

Ai hanya ce matsalar. Me ya kawo zancen fasaha?

Gaskiya ne, babu salular da za ta ɗauki buhun albasa. Sai dai hanyar dutsi ba da kwalta ake fara ta ba. A Abzin da Adar abin da ke yanke hanya shi ne kori: wata da watanni busasshen rairayi, rana ɗaya cikin Agusta ya sauko da ruwan da zai kwashi kat-kat da kayanta. Mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar farkon Satumban 2009 ba. Saboda haka a tafiyar yini guda, wuraren da ke hana wucewa galibi ƴan kaɗan ne, mashigin kori da hawa mai tsini. Shimfiɗar siminti a mashigi, da dutsi da aka cusa cikin ragar waya don riƙe gaɓa, sun fi dogon alkawarin gudron amfani. Aikin Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun FAO, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna abin da dutsin wurin zai iya yi: mutanen ƙauyuka, akasari mata, su suka ɗauko shi a ka aka yi shingayen tare ruwa da madatsu.

Inda fasaha ke shigowa shi ne kafin a zuba siminti. Hoton tauraron ɗan'adam da bayanan tudu da kwari suna nuna inda ruwa ke taruwa da inda yake bi, sai a haɗa da abin da tsoffin direbobi da masu jakuna suka sani. Bayan an gama kuma, ƙaramin zauren WhatsApp na direbobi da masu kabu-kabu, inda na sama zai ce kori ya sauko kada a shiga, yana ceton rai.

Abu ɗaya ne abin kiyayewa: kada katafila ta bi ta kan tsohuwar hanya. A Sukur, hanyoyin da aka shimfiɗa da dutsi zuwa fadar Hidi, sarkin wurin, suna cikin abin da ya sa duniya ta san wurin. Sabuwar hanya ta zagaya, tsohuwa a bar wa ƙafa da jaki.

Mun ga motar igiya a bidiyo tana hawa dutsi. Ba za a yi mana irinta a Bagzan ba?

Tana aiki inda take aiki. A Medellin ta Kolombiya an buɗe ta a 2004 don unguwannin talakawa na kan tudu, a La Paz ta Bolibiya a 2014, a Kusantina ta Aljeriya a 2008. Duk manyan birane ne, masu dubban fasinja kullum, da wutar da ba ta yankewa, da injiniyoyi a kusa. Wadda ta fi kama da abin da masu tambayar ke hange ita ce ta Obudu a jihar Kuros Riba, mai tsawon kusan kilomita 4, da aka buɗe a 2005 don baƙi. Ta sha tsayawa na dogon lokaci, don kuɗin gyara ba ya jiran lokacin baƙi.

A ganina ƙauye mai ƴan ɗaruruwan mutane ba zai iya ciyar da irin wannan na'ura ba. Abin da ya cancanci a duba shi ne ƙaramar igiyar kaya, wadda ke sauke buhuna daga tudu zuwa inda mota ke tsayawa, ba ta ɗaukar mutum. Ko ita ma sai an zauna da masu jakuna tukuna, don sauke albasa da dankali da tafarnuwa daga saman dutsi zuwa wajen Tabelot sana'ar wasu gidaje ce.

Me ya sa rezo ba ya kai wa waɗannan garuruwa, kuma mene ne mafita?

Rezo a miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, dutsi ya shiga tsakani an gama. Garin da ke cikin kwari yana iya zama kusa da anten amma yana inuwarta. Shi ya sa kusan kowane ƙauye yake da sanannen wurin da ake hawa a yi kira, wani ma har da dutsin da ake ɗora salula a kai. Kamfanonin da muke da su, Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom, suna kafa anten ne inda yawan masu kira zai mayar da kuɗin kafawa da na gadi da na mai, kuma ƙauyen dutsi ba kasafai yake cika wannan lissafi ba.

Mafita uku ake gani. Akwai ƙaramar anten mai aiki da hasken rana a kan tsauni, wadda ke karɓo rezo daga babba ta watso cikin kwari. Wannan aikin kamfani ne da hukuma, ba a kafa ta da ka. Akwai intanet ta tauraron ɗan'adam, kuma Starlink ya fara aiki a Nijar bisa izini a 2025. Dutsi ba ya tare ta muddin sama a buɗe take, amma kuɗin wata-wata ne ke kashe ta, don haka ta fi dacewa a wuri ɗaya da za a yi tarayya, kamar gidan likita ko lakkol ko ma'aikatar magajin gari. Akwai kuma shirin ƙauyuka masu wayo na ANSI, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 100 a 2020 don kai sadarwa karkara. Ma'aikatar magajin gari ce ya kamata ta bi sawun ko garinku yana cikin jerin.

Kada kuma a ɗauka komai sai da rezo. GPS ba ya buƙatarsa, ɗaukar murya da hoto ba sa buƙatarsa, taswira ma ana sauke ta a Tawa a tafi da ita.

Wuta fa?

Rana dai ba ta ƙare mana ba, ga tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 nan tana aiki tun 2018. A ƙauye pano, wato faifan hasken rana, ba shi ne ke ba da wahala ba, batir ne. Zafi yana rage masa kwana, kuma in ana tatse shi har ƙasa kullum ba ya daɗewa. A ajiye shi a ɗakin ƙasa mai iska, ba ƙarƙashin kwano ba. A goge ƙura a kan pano, musamman lokacin hunturu. A kuma yanke tun farko abin da za a jona da abin da ba za a jona ba, in ba haka ba firijin allura zai tashi yana gasa da talabijin ɗin kallon ƙwallo.

A garaken Abzin injin ban-ruwa ya maye gurbin raƙumi da san da ke jan guga a wurare da yawa, yanzu kuma famfon hasken rana yana shigowa. Sauƙi ne babba, amma famfon da ba ya cin mai ba ya tuna wa mai shi ya kashe, rijiyar maƙwabci kuma ita ke fara nunawa.

Garinmu ba ya cikin taswirar salula, ko kuma an rubuta sunansa a karkace. Za mu iya gyarawa?

Za ku iya, kuma wannan yana cikin ayyuka mafi arha. OpenStreetMap taswira ce da kowa ke iya ƙara wa, akwai kuma matasa a Yamai da suka daɗe suna aikinta. Mutum ya kunna GPS ya bi hanya da babur ko da ƙafa, salula ta zana sawunsa, ya saka alamar rijiya da lakkol da likita da mashigin kori, in ya samu rezo ya ɗora. Daga nan manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps za su nuna hanyar ko babu rezo. Direban motar likita da bai taɓa zuwa garin ba shi ne zai fi kowa gode muku.

Batun suna kuwa a yi shi da natsuwa. Yawancin sunayen da ke taswira rubutun Faransawa ne na abin da kunnensu ya ji. Taswirar tana karɓar suna fiye da ɗaya, saboda haka a bar na takardun hukuma, a ƙara na Hausa da na Tamajak yadda masu wurin ke faɗa. Kafin a saka kufai ko kushewa ko wurin tsafi, a karanta amsar tambayar ɓarayin kayan tarihi.

Mene ne amfanin ɗaukar siffar gini ta 3D? Ba hoto ba ne kawai?

Ya wuce hoto, awo ne. Ana zagaya gini a ɗauki hotuna masu yawa, kowanne ya ɗan hau kan na kusa da shi, sai kwamfuta ta gano wuraren da suka yi daidai ta fitar da siffar ginin da tsawonsa da kaurinsa da inda ya karkace. Masu kuɗi suna yi da na'urar leza, amma salula mai kyamara mai kyau tana isa ga ɗaki ko ƙofa ko rubutun dutsi. A ajiye sanda mai awon mita ɗaya a cikin hoton don a san girman gaske, a kuma yi da safe ko da yamma, lokacin da inuwa ba ta da kaifi.

Wanda ke shakkar amfaninsa ya tuna damanar 2024, da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe a farkon Satumba. Ya tuna girgizar ƙasar 8 ga Satumban 2023 a duwatsun Atlas na Maroko, da ta kashe mutane kusan 3,000, ta rushe ƙauyukan ginin ƙasa, ta yi wa masallacin Tinmel na ƙarni na 12 mummunar ɓarna. Gini na ƙasa da na dutsin da aka jera yana iya tafiya a dare ɗaya, kuma mai son mayar da shi yadda yake sai ya san yadda yake ɗin. Masanan Jami'ar Cape Town sun yi irin wannan awo a Jenne da Tumbutu da Lalibela a ƙarƙashin wani shiri mai suna Zamani, wanda ba shi da alaƙa da kamfanin salularmu.

Mu ma muna da tsohon misali. Raƙuman dawan Dabus, da aka sassaƙa a jikin dutsi arewa da Agadas shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5. A 1999 aka ɗauki zubinsu aka yi kwafi, ɗaya yana filin jirgin saman Agadas. A lokacin sai da aka shafa wa dutsin abin ɗaukar zubi. Yau ana samun siffar ba tare da an taɓa shi ba. Sai dai siffar kwamfuta ba ta yaɓe. Hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27 tana tsaye ne don magina suna hawa suna gyara ta, saboda haka in za a ɗauki gini a ɗauki maginin ma yana aiki yana bayani.

Za mu iya amfani da dron?

Amfaninsa a fili yake: yana ganin fasalin kufai daga sama, inda mai tafiya a ƙasa tarin duwatsu kawai yake gani. A wasu ƙasashe ma ana aika jini da magani da shi, kamar yadda kamfanin Zipline ya fara a Ruwanda a 2016, sannan Gana a 2019, sannan jihar Kaduna. Amma wannan tsari ne na gwamnati mai tasha da ma'aikata.

A halin da ake ciki, kada kowa ya tayar da dron ba tare da rubutaccen izinin hukuma ba, kuma a sanar da prefe da jandarma da maigari kafin ranar. Mai ganin abu yana shawagi a kansa ba zai tsaya tambayar ko na ɗalibai ne ba. Ban da haka, dron yana leƙa cikin gidaje inda mata suke, abin da ko baƙon ƙafa ba zai yi ba. Doguwar gora da aka ɗaure salula a kai tana yin rabin aikin babu fitina.

Ba za mu nuna wa ɓarayin kayan tarihi hanya ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma amsar ita ce e, ana iya nuna musu. Abin da ya faru a Bura, cikin yankin Tera, ya isa darasi. An gano wurin a 1975, masana suka yi tono, aka baje kolin tukwane da mutum-mutumin ƙasa a Turai, suka yi suna, sai masu haƙa suka bi wuraren suka yi musu kaca-kaca, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta saka kayan Bura cikin jerin jan layi na kayan tarihin da ke fuskantar sata a 2000. Tun da aka samu zinariya a Jado a 2014 kuma, na'urar neman ƙarfe ta yawaita a arewa, kuma na'urar ba ta bambanta ramin zinariya da kushewar mutanen da. Doka tana nan, mai lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997, ta hana tono da fitar da kayan tarihi ba da izini ba, amma babu jandarma a gindin kowane dutsi.

Don haka a raba bayani gida uku. Na kowa: hanya, rijiya, likita, masauki, da wuraren da aka riga aka sani kuma akwai mai gadinsu. Na masana da hukuma: ainihin inda kufai da kusheyi da rubutun dutsi suke, wannan a miƙa shi hannu da hannu, ba a ɗora a intanet ba. Na uku shi ne wanda ba a ɗauka sam. In masu al'ada a Masalata ko Lugu suka ce wuri kaza ba a shiga da kyamara, zance ya ƙare, ba sai sun kawo dalili ba.

A kuma sani cewa salula takan liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi. A kashe wannan kafin a fara aiki a wurin da ba a son a sani.

Tarihin garinmu a bakin tsofaffi yake. Yaya za mu ɗauka?

Da gaggawa, amma ba da garaje ba. Dutsi zai jira baɗi, tsoho mai shekara tamanin ba a san nasa ba. A fara da gaisuwa wurin maigari, a je wa tsohon da goro ko shayi da sukari, a gaya masa a fili: Baba, muna son mu ɗauki muryarka don jikoki su ji, ka yarda? Ya yarda a ɗauki yardar tasa a farkon faifan, da sunan gari da ranar. A tambaye shi kuma ko akwai abin da yake so ya tsaya a cikin gida. Kada a tsaya kan maza da gidan sarauta. Su Inna sun san waƙoƙin daka da na biki, da tarihin rijiyoyi da shekarun yunwa, maƙera da makaɗa kuma suna riƙe da abin da fada ba ta faɗa. Wajen mata a tura mace.

A ɗauka cikin harshen da mai maganar ya ga dama, kada a gyara masa Adaranci ya koma Hausar rediyo. Kundin sake gina ƙasa da aka amince da shi a Maris ɗin 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, amma a Timiya Tamajak ne harshen gida, kuma ana iya rubuta Tifinag a salula. Tunda da yawa ba sa karatu, murya ta fi rubutu isa: gajerun faifai na minti kaɗan da za a tura ta WhatsApp, ko a zuba a kart-memwar, ko a ba rediyon karkara ta saka da dare.

In an gama, wa ke da mallakar hotuna da muryoyin? Ina za a ajiye su?

Na garin ne, kuma a rubuta haka a takarda kafin a fara, musamman in da wata ƙungiya ko wani mai bincike daga waje a cikin aikin. An sha ganin wanda ya zo ya ɗauka ya tafi, masu wurin ba su sake jin ɗuriyar abin ba. Sharaɗi mai sauƙi: ba ya barin gari sai ya bar kwafi.

Kwafi uku a wuri uku. Ɗaya a garin, wurin wanda jama'a suka zaɓa. Ɗaya a Tawa ko Agadas, kuma Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa wuri ne da ya dace a tuntuɓa. Ɗaya a Yamai, inda cibiyar CELHTO ke tattara tarihin baka tun 1968, ga cibiyar IRSH mai ajiyar tsoffin rubuce-rubuce, ga gidan tarihi na Bubu Hama. Facebook wurin nunawa ne, ba rumbu ba. Salular mutum ɗaya kuwa, ran da ta faɗa rijiya shi ke nan.

Tsofaffi da guragu da makafi fa? Su ma za su iya hawa?

Wasu wuraren ba za su hawu ba, gara a faɗa. Amma tsakanin hawa da zama a gida akwai abubuwa da yawa. Igiya ko ƙarfen dafawa a hawa mai santsi, wurin hutawa mai inuwa, fitilar hasken rana a mashigi, duk masu garin ne za su fi morarsu. Bayanin murya da ke siffanta wuri yana yi wa makaho aiki, yana yi wa wanda bai yi lakkol ba. Wanda ƙafa ta gaza kuma ana iya nuna masa hoton da ke juyawa ko'ina a gindin dutsi. An ce gani ya kori ji, kuma tsohuwar da aka haifa a sama aka sauko da ita tana yarinya, in ta ga wurin a allo, sau da yawa ita za ta gaya muku ɗakin wa ne wannan.

Da wannan hali na tsaro, wa zai zo? Ba ɓata kuɗi ba ne?

Abzin ya ga zamanin da jirage ke sauke baƙi kai-tsaye daga Faransa a Agadas, ƴan jagora da maƙeran azurfa da masu kat-kat suna ci daga ciki. Tawayen da ya ƙare da yarjejeniyar 1995 ya taɓa harkar, na 2007 zuwa 2009 ya durƙusar da ita, har da nakiyoyin da aka binne a wasu hanyoyi, sace-sacen baƙi a yankin Sahel kuma suka ƙarasa. Gandun Abzin da Tenere ya shiga jerin UNESCO a 1991, shekara ɗaya bayan haka ya koma jerin wuraren da ke cikin haɗari. Tsohon garin Agadas ya shiga a 2013, lokacin da baƙin sun riga sun ja baya. Suna a takarda bai kawo kowa ba.

Shi ya sa amsa ta biyu ta ajiye baƙon waje a ƙarshe. Rezo da wuta da gyaran mashigi ba su jiran sa. Akwai kuma baƙon da muke rainawa: ɗan ƙasa. Ma'aikacin Yamai da ya san Dubai bai san Timiya ba, ɗaliban da ake iya kaiwa kufan da ke kusa da su, masu zuwa bikin Abzin a Iferwan ko taron Ingal. Ko su ma kada taswirar salula ta ruɗe su. Ba ta san inda aka tare hanya jiya ba. A tambayi hukuma, a ɗauki ɗan jagora na wurin.

In baƙi sun zo, ta yaya kuɗin zai tsaya a garin?

Akwai wani ƙauye a Italiya, Civita di Bagnoregio, a kan dutsin da ke zaizayewa, ba a shigarsa sai ta gadar ƙafa. Tun 2013 ake biyan kuɗin shiga, baƙi suka yi yawa, kuɗi ya shigo. Amma masu kwana a cikinsa duk shekara ba su kai 20 ba. Wurin ya rayu, garin kuwa kusan babu kowa. Ba wannan muke nema wa Timiya ko ƙauyukan Buza ba.

A yanke kuɗin jagora da na masauki a gaban jama'a, a rubuta a manna. A yi jerin ƴan jagora ana bi da bi, kada ɗan maigari ya cinye. Wani kaso ya shiga asusun gyara. Biya ta salula ko ta Nita da Amana yana barin shaida, yana kuma ba mai saƙa ko mai busasshen tumatir damar sayar wa mutumin Yamai ba tare da ɗan tsakiya ba.

Ni ɗan cirani ne, mun yi karo-karo mun tara ƴan jikkuna. Me za mu saya wa garinmu?

Kafin ku sayi komai, ku tura a tambayi mutanen gida, maza daban mata daban, don abin da ake hange daga Abijan ba lalle shi ne ke ci musu tuwo a ƙwarya ba. In amsar ta zo kan wuta ko sadarwa, ku sayi irin kayan da ake samun kayan gyaransu a kasuwar Tawa ko Ƙonni ko Agadas, ko da wani ya fi shi kyau a hoto. Ku raba kuɗin tun yanzu: kaso na saye, kaso na canjin batir, kaso na koya wa mutum biyu gyara. Biyu, don ɗaya zai tafi cirani. Da so samu ne ɗayan ta zama mace ko magidancin da ya riga ya zauna.

A ajiye littafi a ɗakin kayan, a rubuta ranar da aka kafa kowane abu, da lambar wanda ya sayar, da abin da ke shigowa daga kuɗin sharjin salula. Makulli biyu, hannu biyu. Duk wata a ɗauki hoton shafin littafin a turo muku a zaurenku na WhatsApp, in kuma rezo bai kai ba tukuna, a ba direban ranar kasuwa ya turo in ya sauka gari.